Master of Puppets, Reign in Blood ko Rust in Peace: da wanne za ka fara?

Duk wanda ya fara tambaya a kan kiɗan thrash metal, wato kiɗan jitar lantarki mai nauyi da tsananin gudu, sunaye uku ne za su riƙa dawo masa: Master of Puppets na ƙungiyar Metallica, Reign in Blood na Slayer, da Rust in Peace na Megadeth. Biyun farko a shekara ɗaya suka fito, 1986, na ukun ya biyo baya a 1990. Ƙungiyoyin uku duk a Kalifoniya ta Amurka suka tashi, kuma kowacce mutum huɗu ce: jita biyu, jitar bas ɗaya, da mai ganguna. Daga nesa sai ka ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai ka matso kusa za ka ga kowane kundi da abin da yake nema a wurin mai sauraro, kuma wanda ya shiga ta ƙofar da ba tasa ba, kafin minti biyar ya zare abin kunne ya ce hayaniya ce kawai.

Ra'ayina a fili yake tun daga nan. Ga mafi yawan mutane, Master of Puppets ne ya kamata ya zama na farko. Mutum biyu ne kawai zan tura wani wajen: wanda gudu da bugun ganguna suka fi ɗaukar hankalinsa, da wanda ya riga ya iya jita yake neman abin da zai buɗe masa ido.

Kafin a yi nisa, sai an san mene ne rif, domin a wannan kiɗa jita ce ke jan ragama, murya na biye. Rif gajeren zubi ne na jita da ake nanatawa, a juya shi, a bar shi, a sake dawo masa, kamar yadda makaɗin garaya ke kama zubi ɗaya ya zauna a kansa har ya shiga jikin mutum. Galibi a tsirkiya mafi kauri ake kaɗa shi, da gefen tafin hannu a ɗore kan tsirkiyar don sautin ya fito a daƙile. Solo kuma shi ne inda jita ɗaya ke ɓallewa ta yi maganarta ita kaɗai. Metallica gini suke yi da rif, Slayer duka suke yi da shi, Megadeth kuwa saƙa shi suke yi da solo har ka kasa gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Master of Puppets

An ɗauke shi a situdiyon Sweet Silence da ke Kopenhagen a Denmak, daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba 1985, tare da Flemming Rasmussen, wanda ya yi musu kundin da ya gabata. Michael Wagener ya haɗa sautin a Amurka, kamfanin Elektra ya fitar da shi ranar 3 ga Maris 1986. Waƙoƙi 8 ne cikin kusan minti 55. Uku daga ciki sun haura minti 8 kowacce, kuma babu wadda ta gaza minti 5. James Hetfield ne ke rera waƙa yana riƙe da rif, Kirk Hammett ke yawancin solo, Lars Ulrich ke ganguna, Cliff Burton ke bas. Shi ne aikin ƙarshe na Burton, domin ranar 27 ga Satumba na shekarar motar da ke ɗauke da su ta kife a Suwidin, ya mutu yana da shekara 24. Kundin ya kai mataki na 29 a jerin Billboard, na kundin da suka fi kasuwa a Amurka, ba tare da bidiyo ko ɗaya ba, kuma shi ne kundin metal na farko da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya cikin rajistar sautukan da ake adanawa don tarihi.

Abin da ya sa ya dace da sabon shiga shi ne yana ba kunne wurin numfashi. "Battery", wadda ta buɗe kundin, da jitar katako take farawa, a hankali, murya kan murya. Sai jitar lantarki ta ɗauki wannan zubin ta kumbura shi, kuma sai an wuce minti guda kafin sukuwar ta fara. Lokacin da gudun ya zo, kunnenka ya riga ya kama zaren. Waƙa ta biyu, mai sunan kundin, ita ce darasin gaba ɗaya. Minti uku da rabi ana tafiya da ƙarfi, sai komai ya lafa. Jita mai tsabtataccen sauti ta shigo, jita biyu suka jera suna rera zubi ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, Hetfield da kansa ya yi solo mai sanyi. Daga nan ganguna suka fara tara ƙarfi mataki-mataki, aka koma ihu, sannan Hammett ya saki nasa solon mai gudu. Wanda ya bi wannan hawa da sauka sau biyu ya fahimci abin da ake nema a thrash mai tsawo.

Jerin waƙoƙin ma an yi shi da lissafi. Mai gudu a farko, babbar waƙa a biyu, mai nauyi da jan ƙafa a uku, mai taushin farawa a huɗu, wato "Welcome Home", wadda aka fi kira "Sanitarium". Gefe na biyu ya ɗauko da "Disposable Heroes" da "Leper Messiah", sannan "Orion", wadda babu murya a cikinta ko kaɗan. A kan "Orion" ya kamata a tsaya. Wajen minti na huɗu kiɗan yana tsayawa cak, bas ɗin Burton ya shigo shi kaɗai da wani zubi mai rangaji, jitoci su hau kansa ɗaya bayan ɗaya. Can bayan minti shida da rabi akwai solo da mutane da yawa ke ɗauka jita ce, alhali bas ne ake kaɗawa a can saman wuyansa. Burton ya yi karatun ƙa'idar kiɗa, kuma a nan ake jin abin da ya kawo wa ƙungiyar. Babu irin wannan wuri a sauran kundin biyu.

Yana da nasa rauni. Tsawonsa na iya gajiyar da wanda ya saba da waƙar minti uku. "Disposable Heroes" tana maimaita sassanta fiye da yadda wasu za su so, "The Thing That Should Not Be" kuma jan ƙafarta na sa masu neman gudu su tsallake ta. A waƙoƙi masu gudu bas yana nutsewa ƙarƙashin jitocin da aka jibga kan juna. Gangunan Ulrich sun dace da waƙoƙin sarai, ya san inda zai sa kowane bugu, amma idan aka zo maganar ƙarfin ƙafa da sauri, ba a nan za ka same su ba.

Reign in Blood

Wannan a Oktoba 1986 ya fito, kuma labarin fitowarsa ma abin lura ne. Rick Rubin ne ya jagoranci aikin, mutumin da a lokacin aka fi sani da mawaƙan hip-hop na kamfanin Def Jam, Andy Wallace kuma ya riƙe na'urori. An ɗauke shi a Los Anjalis. Kamfanin Columbia, mai rarraba kayan Def Jam, ya ƙi taɓa shi saboda kalmominsa da hoton bangonsa, sai Geffen ya rarraba. Waƙoƙi 10 ne cikin ƙasa da minti 29. Gajartarsa ta kai a kaset an sa kundin dukansa a kowane gefe, ka juya ka sake ji daga farko. Tom Araya, haifaffen Cile, shi ke bas da murya. Kerry King da Jeff Hanneman ke jita, Dave Lombardo, haifaffen Kyuba, ke ganguna.

Abin da Rubin ya yi shi ne ya cire amsa-kuwwar da aka saba lulluɓe kiɗan metal da ita a wancan zamani. Sautin ya fito a bushe, a kusa, kamar mai gangunan yana cikin ɗakin da kake. Wannan shawara ce ta sa har yau kundin bai tsufa a kunne ba, domin a irin wannan gudu amsa-kuwwa dagula komai take yi, bugu ya hau kan bugu. Waƙoƙin kuma an aske musu duk wani maimaici. Inda Metallica za su zagaya rif sau takwas, Slayer sau biyu ko huɗu ne su wuce. "Necrophobic" minti ɗaya da daƙiƙa 40 ce, tana gudun da ya kusa bugu 250 a minti. Biyu kawai suka haura minti 4, ta farko "Angel of Death" da ta ƙarshe "Raining Blood".

Lombardo shi ne dalilin sayen wannan kundi. Yana amfani da manyan gangunan ƙafa biyu, kuma a kusa da ƙarshen "Angel of Death" akwai wurin da kowa ke yin shiru a bar ƙafafunsa kaɗai suna zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Duk da gudun, bugunsa yana da rausaya, ba kamar inji ba. A cikin waƙar dai, bayan minti ɗaya da rabi, gudun yana raguwa rabi a shiga wani rif mai taku, wanda ƙungiyar hip-hop ta Public Enemy ta ɗauka ta gina waƙa a kansa a 1988. Wannan ya nuna cewa a ƙarƙashin hayaniyar akwai kiɗan da jiki ke amsawa.

Solon King da Hanneman kuwa, kada ka je neman daɗin rerawa. Kururuwa ce da gangan, ana jan sandar lanƙwasa sauti ana saki, jita na haniniya kamar doki ya firgita. Wanda ya zo daga kiɗa mai zaƙi zai ji kamar kuskure ake yi. Kuma tsakiyar kundin, daga waƙa ta biyu zuwa ta takwas, a sauraron farko takan haɗe ta zama abu ɗaya. Sai a karo na uku ko na huɗu kowace waƙa ke fitar da fuskarta. Shi ya sa ban cika ba da shi ga sabon shiga ba, sai dai wanda ya riga ya saba da kiɗa mai zafi irin punk, ko makaɗin ganga da ke son jin iyakar abin da ƙafa biyu za su iya.

Rust in Peace

Dave Mustaine yana cikin Metallica tun farko, aka sallame shi a Afrilu 1983, ya kafa Megadeth. Kundin da suka fitar a 1986 shi ne Peace Sells, kuma yana da kyau, amma wanda ya cancanci zama a wannan teburi shi ne na huɗunsu, wanda Capitol ya fitar ranar 24 ga Satumba 1990. A nan ne Marty Friedman ya shigo da jita, Nick Menza da ganguna, suka haɗu da Mustaine da David Ellefson mai bas. Mike Clink ya yi aikin ɗauka, Max Norman ya haɗa sauti. Waƙoƙi 9, kusan minti 41, ya kai mataki na 23 a Amurka, na 8 a Birtaniya.

Wannan kundin makaɗa ne. "Hangar 18" rabinta na farko waƙa ce, rabi na biyu kuwa musayar solo ce tsakanin Mustaine da Friedman, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, har sau 11 idan aka ƙirga duka. Ba wuya ka bambanta su. Na Mustaine kaifi ne da fushi, yana tsaye a wuri ɗaya yana sara. Na Friedman yawo yake yi, yana lanƙwasa tsirkiya daga muryar da ba a zata ba ya kai ta inda ta dace, da wani ɗanɗano na kiɗan gabashin Asiya. Solonsa na "Tornado of Souls", wanda ke farawa bayan minti na uku ya ɗauki kusan minti guda, ana iya rera shi da baki daga farko har ƙarshe, kuma a ganina babu solo a cikin kundin nan uku da ya kamo shi.

Inda ake rabuwa shi ne murya. Mustaine ta hanci yake waƙa, haƙora a cije, kamar mai magana cikin ɓacin rai. Wasu na ganin ita ce gishirin abin, wasu kuma ba sa iya wuce waƙa biyu. Gwajin mai sauƙi ne: saurari "Holy Wars" har ƙarshe. Idan muryar ba ta dame ka ba, sauran kundin naka ne. Wani abin kuma, waƙoƙin kan canza hanya ba sallama, rif ya shigo sau ɗaya ya tafi ba ya dawowa, don haka wanda bai saba ba zai rasa abin riƙewa.

Maganar kalmomi da hoton bango

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma gara a faɗe shi ƙarara kafin mutum ya kashe kuɗinsa. Master of Puppets jigonsa yadda ake juya ɗan Adam kamar 'yar tsana. Babbar waƙar a kan ƙwaya take, yadda mai sha ke ɗauka shi ke riƙe da ita alhali ita ke riƙe da shi. "Disposable Heroes" a kan matashin sojan da manya ke turawa ya mutu, "Leper Messiah" a kan masu wa'azin talabijin na Amurka da ke tatsar mabiyansu. Akwai zagi kaɗan a waƙar ƙarshe. Bangon hoton maƙabartar sojoji ne da igiyoyi suka sauko daga wasu hannaye a sama.

Rust in Peace siyasa ce da yaƙi: makaman nukiliya, rikicin addini, wanda Mustaine ya ce abin da ya gani a Ailan ta Arewa ne ya ja shi rubutawa, da jita-jitar halittun sararin samaniya da ake cewa gwamnati na ɓoyewa. Akwai waƙa ɗaya mai labarin sihiri irin na tatsuniya.

Reign in Blood daban yake. "Angel of Death" tana zayyana ta'asar Josef Mengele, likitan Nazi a sansanin Auschwitz, dalla-dalla. Ƙungiyar ta sha cewa bayyana abin take yi, ba yabonsa ba, amma kalmomin suna da tsanani ƙwarai. Sauran waƙoƙin cike suke da kisa, azaba, ambaton Shaiɗan da sukar addinin Kirista, hoton bangon ma siffar wuta ce da wata halitta mai kan akuya a kan karaga. Araya da kansa ya ce shi ɗan Katolika ne, kuma siffofin don girgiza mutane ake yin su. Duk da haka, wanda imaninsa ba zai bar shi ya saurari irin wannan ba, ya bar shi kawai, ba a rasa wani abin ji ba. Kuma ba kundin da za a kunna a gaban yara ba ne.

Wane bugu za ka nema

A nan ne mutane suka fi yin asara, musamman da Rust in Peace. A 2004 Mustaine ya sake haɗa sautin tsofaffin kundin Megadeth daga tushe. Da aka zo kan wannan, aka tarar ainihin muryar wasu waƙoƙi ta ɓace, sai ya sake rera "Take No Prisoners", a wasu kuma aka sa wata ɗauka dabam da ba ita aka sani ba. Sautin ganguna da na bas ma ya sauya. Sakamakon ya fi ƙara, amma ya rasa kaifin na asali, kuma muryar mutum a 2004 ba ita ce ta 1990 ba. Hanyar ganewa: bugun 2004 yana da ƙarin waƙoƙi bayan tara na asali, ciki har da "My Creation" da wasu gwaje-gwajen farko. Idan ka ga 9 cif da shekarar 1990, shi ne wanda ake so.

Master of Puppets bai da wannan matsala. Bugun da aka sake gyara sautinsa ya fito a Nuwamba 2017 a kamfanin ƙungiyar, Blackened, kuma ba a taɓa haɗin asali ba, gogewa kawai aka yi. Ka ɗauke shi hankali kwance. Mai son faifan garmaho ya san cewa minti 55 a faifai ɗaya yana nufin kusan minti 27 a kowane gefe, sai an matse layukan, ƙara da nauyin bas su ragu. Shi ya sa kamfanin Music for Nations na Birtaniya ya fitar da shi a faifai biyu masu juyi 45 a 1987, kuma masu tara faifai na nemansa.

Reign in Blood kuwa, bugun 1998 ya ƙara waƙa biyu a ƙarshe. Ba su da laifi, sai dai suna ɓata rufewar: an gina kundin ne ya ƙare da tsawa da saukar ruwa a "Raining Blood", daga nan shiru. Ka tsayar da shi a nan. A wasu faifan CD kuma an sa alamar rabuwa tsakanin "Postmortem" da "Raining Blood" a wurin da ba daidai ba, har ƙarshen waccan ya shiga farkon wannan. Idan "Raining Blood" ɗinka ba da ruwan sama da bugun ganga uku-uku ta fara ba, irin wannan bugun ka samu.

Yadda ake saurare ma yana canza hukunci. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙananan sautuka, don haka bas da gangar ƙafa za su ɓace, a bar ka da ƙarar jita da farantan ƙarfen da mai ganguna ke bugawa kawai. Da yawan masu cewa kiɗan nan hayaniya ne ta nan suka ji shi. Nemi abin kunne mai rufe kunne duka. Idan za ka sauke, ka guji MP3 mai ƙarancin inganci, wato mai kilobit 128 a daƙiƙa, domin farantan ganga su ne ke fara lalacewa, su koma kamar ana watsa ruwa a mai mai zafi. A 320, Master of Puppets zai ci kusan megabait 130, Rust in Peace kusan 100, Reign in Blood kusan 70. Kashe tsarin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, kuma ka kunna wanda ke haɗa su ba tazara, saboda a kundin Slayer "Altar of Sacrifice" tana zubawa kai tsaye cikin wadda ke bin ta. Sannan ka ji tausayin kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma wannan kiɗa yana jan hannu zuwa ƙara murya ba tare da ka lura ba.

Idan jita kake koyo

Saitin tsirkiya ne abu na farko. Master of Puppets a saitin E na yau da kullum yake, ban da "The Thing That Should Not Be" da aka sauke ƙasa. Rust in Peace ma E ne. Reign in Blood an sauke kowace tsirkiya rabin mataki. Idan jitarka mai jaki mai lilo ce, irin Floyd Rose, sauke saiti ba aikin minti biyu ba ne: da ka sassauta tsirkiya ɗaya sauran biyar sun tashi, sai ka buɗe bayan jitar ka daidaita sifirin. Mai irin wannan jita ya zaɓi saiti ɗaya ya zauna a kansa.

Master of Puppets makarantar hannun dama ce. Babban rif ɗin waƙar mai sunan kundin yana tafiya a kusan bugu 212 a minti, sara biyu a kowane bugu, kuma duka ƙasa ake sara, ba a dawowa sama. Wato sara kusan 7 a kowace daƙiƙa. Ana iya yin sa da sama-da-ƙasa, amma nauyin zai tafi, domin saran sama bai kai na ƙasa ƙarfi ba. Hanyar ita ce a sa manhajar ƙirga bugu a 120, a kaɗa minti biyu ba kuskure, a ƙara 4 ko 5, a tsaya duk inda hannu ya fara ƙagewa. Minti 15 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Kurakuran da aka fi yi huɗu ne. Na farko, sara daga gwiwar hannu maimakon wuyan hannu, wanda ke kawo ciwon dantse cikin minti guda. Na biyu, fik mai laushi, wato ɗan robar da ake kaɗawa da shi: idan bai kai kaurin milimita 1 ba yana lanƙwashewa ya makara. Na uku, ɗora tafin hannu nesa da jaki, sai sautin ya mutu gaba ɗaya maimakon ya daƙile. A daidai inda tsirkiya ta bar jaki ake ɗora shi. Na huɗu, cika ƙazantar sauti (distortion, mai sa jita gurnani) a amfilifaya da kwashe sautin tsakiya duka don a kwaikwayi faifan. A faifan jitoci da yawa aka jera kan juna, ta amfilifayar Mesa Boogie, shi ya ba da kaurin. Jita ɗaya a ɗaki idan aka yi mata haka sai ta koma zuzun ƙudan zuma. Rage ƙazantar zuwa rabi, ka bar tsakiya a 4 ko 5 cikin 10. Akwai kuma wata gaɓa a rif ɗin baitin da aka datse ta ba ta cika ƙirga ba. Kada ka ƙirga ta, ka saurara har ta zauna maka.

Reign in Blood akasin haka yake buƙata: sama-da-ƙasa mai tsananin sauri a tsirkiya ɗaya, da ɗan ƙaramin motsi, bakin fik kaɗai ke taɓawa. Hannun hagu bai da wahala sosai, rif ɗin farko na "Raining Blood" ma mai wata shida da fara koyo zai iya kama shi a hankali. Matsalar juriya ce, da haɗa hannu biyu su sauka lokaci ɗaya. Idan suka saɓa ko da kaɗan, a wannan gudu sai sautin ya zama kunu.

Rust in Peace kada ya zama na farkon mai koyo. Rif ɗin "Holy Wars" kaɗai yana haɗa sukuwa, tsallake tsirkiya da sauya wuri a wuyan jita cikin ƙiftawar ido, solon Friedman kuma sai wanda ya iya lanƙwasa tsirkiya ta sauka daidai kan murya. Wanda ya shekara biyu ko uku yana kaɗawa, ya fara da "Tornado of Souls" a rabin gudunta, ya raba solon gida takwas, kada ya wuce gida ɗaya sai ya iya rera shi da baki kafin ya kaɗa. Mai koyon bas kuma ya fara da "Dawn Patrol", wadda ba ta kai minti biyu ba kuma kusan bas da ganga ne kawai, daga nan ya wuce tsakiyar "Orion".